Ƙashin Zalɓe Na Uku

Shafi na 23

Malam Sanda ya tona asirin kansa ranar Laraba, 16 ga Agusta, 1995, da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana, a wata maƙera da ke Rafin Guza. Ya yi haka ne don ya ceci aikin 'yar ƙanwarsa, Injiniya Rahmatu Audi. Kafin a kira sallar la'asar Rahmatu ta gane cewa tonon bai ceci kowa ba.

Maganar duk a kan Zalɓe ce.

Zalɓe shi ne sunan da ma'aikatan cibiyar koyar da aikin injuna da ke bayan tashar Kawo suka laƙaba wa injin da aka sayo musu daga waje: hannu guda na ƙarfe, mai gaɓoɓi shida, irin wanda ke walda da ɗaukar kaya a manyan masana'antu ba tare da mutum ya riƙe shi ba. Ƙafa ɗaya gare shi da dogon wuya, shi ya sa sunan ya bi shi. Idan aka tafiyar da shi a hankali, lafiya lau. Idan aka ba shi sauri, sai ya wuce inda aka aike shi da milimita shida, ya tsaya yana karkarwa.

Akwatin da ke sarrafa shi da lambobi yake aiki: nauyin kowane ƙashi, wato ƙarfen da ke tsakanin gaɓa da gaɓa, inda tsakiyar nauyin take, irin gardamar da ƙashin ke yi idan aka ce ya juya ko ya tsaya, da cijewar kowace gaɓa. Littafin da ya zo da injin ya ba da waɗannan lambobi duka. Rahmatu ta ce ruwa ba ya tsami banza. An hana ta kwance ko noti ɗaya, don haka ta auna Zalɓe a tsaye. Mako bakwai tana sa shi ya miƙe, ya lanƙwashe, ya yi lilo, tana ɗaukar yawan wutar da kowace gaɓa ke ja da kuma inda ta kai a kowane ɗan lokaci. Awo dubu huɗu da ɗari biyu. Sannan ta sa kwamfuta ta bi lissafin da baya, daga wahalar da injin ya sha zuwa nauyin da ya ba shi wahalar.

Ƙasusuwa biyar sun yarda da littafi. Na uku ya ƙi. Littafi ya ce kilo sha ɗaya da giram ɗari biyu. Lissafinta ya ce kilo sha uku da rabi. Akwai kuma wani abu da ya fi damunta: tsakiyar nauyin wannan ƙashi ba ta zama wuri ɗaya. In hannun ya kalli sama ta ja baya, in ya sunkuya ta gangaro gaba.

A taron ranar Litinin, Darakta, Dakta Labaran, da wannan ya kama ta. Ya ce ƙarfe ba ya yawo a cikin jikinsa, lissafin da ya ce yana yawo shi ne mai rawar kai. Ya ɗaga littafin a gaban ma'aikata.

"Waɗanda suka ƙera shi ne suka rubuta wannan, Injiniya. Ke a ina kike lokacin?"

Ya ba ta zuwa azahar ɗin Alhamis ta sa hannu a rahoton da ke cewa Zalɓe ya dace da littafinsa, saboda Litinin mai zuwa manyan baƙi za su zo buɗe shi. In ta ƙi, za a ɗauke ta daga kan injin, a mayar da ita aji tana koyar da zane, wani ya sa hannun. Rahmatu ta ce ranar buɗewar ɗalibai za su tsaya kusa da hannun da ke ɗauke da farantin ƙarfe a guje, kuma ita ba za ta sa sunanta a kan lambar da ta san ba daidai ba ce.

Malam Sanda, mai kula da sito, yana layin baya a taron. Ya ji an ce ƙashi na uku. Da aka tashi, ya koma sito.

*

Ranar Laraba bayan sallar azahar Malam Sanda ya tsaya a bakin ƙofar ofishin Rahmatu. Bai taɓa zuwa ba. Shi ya ɗauki nauyinta tun tana aji biyu na firamare, bayan rasuwar mahaifinta, amma a wurin aiki Injiniya yake kiranta, ita kuma ta gaishe shi kamar yadda kowa ke gaishe shi. Shekara talatin da biyu yana riƙe da makullan sito, ba a taɓa ba shi takardar tuhuma ba. A watan Disamba zai ajiye aiki.

"Ɗauko takardunki. Za ki raka ni unguwa."

Ta ɗauko. Ba ta tambayi ina ba. Rahmatu tana iya faɗin nauyin ƙarfen da ba ta taɓa ɗagawa ba, amma nauyin kawunta ji kawai take yi, kuma ya isa ya rufe mata baki daga Kawo har Rafin Guza.

Maƙerar rumfa ce ta kwanon rufi, a ƙarshen wani lungu da ruwan jiya ya bar wa taɓo. Tukwanen dalma jere a gaba suna shan iska, daga ciki ƙafafun injin niƙa da farfelar fanka. Mai wurin yana zaune a kan tsohon kan injin tirela, magagari a hannunsa. Sunansa Datti, Bakano, ɗan shekara sittin da wani abu, gajere mai faɗin kafaɗa, ga tabon ƙuna daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Zubi ne sana'arsa: ya narka ƙarfe, ya zuba a ƙasar da ya yi wa siffa, ya fitar da abin da aka ce ya fitar.

Da ya hango Malam Sanda sai ya washe baki.

"Bazazzagi. Yau kuma me ka fasa?"

Wasan Kanawa da Zagezagi ne, kuma da alama sun daɗe suna yinsa. Yau Malam Sanda bai rama ba. Datti ya dubi fuskarsa, ya dubi matar da ke bayansa da fayil a ƙirji, ya ajiye magagarin. Ya goge benci da gefen rigarsa, ya ce su zauna.

Bayan gaisuwa Malam Sanda ya ce wannan 'yarsa ce, ita ce injiniyar da ke kan injin. Ya cire hularsa, ya riƙe ta a gwiwa. Rahmatu ba ta taɓa ganin kansa a buɗe ba a wajen gida.

"Rahmatu, ƙashin nan da kike nema ba na Turawa ba ne. Na wannan mutumin ne."

Ya faɗi sauran ba tare da ya ɗago ba, a jere, kamar mai karanta abin da ya shigo sito. A watan Satumbar bara Zalɓe ya iso, a kwance, cikin akwatuna tara. Motar ɗaga kaya ba ta zo ba, hadari ya haɗo, direba yana cewa shi Legas zai koma. Malam Sanda ya ba da umarni a sauke da igiya da katako. Akwati na bakwai ya kuɓuce. Da ya buɗe shi bayan an tashi daga aiki, sai ya tarar ƙashin da ke ciki ya rabe biyu. Masu haɗa injin sai bayan mako uku za su zo. Ya naɗe ɓari biyun a buhu, ya kawo nan.

Ya ce ya yi niyyar faɗin gaskiya. Ya ce kowane wata yana niyyar faɗa.

"Ranar Litinin na ji ana ƙaryata ki a gaban mutane a kan abin da ni na san gaskiya ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Rahmatu ta ga abu biyu a lokaci ɗaya. Lambarta ta samu mai shaida. Mai shaidar kuwa da sunansa zai biya. Ba ta san da wanne za ta fara ba, sai ta juya ga abin da ta iya. Ta buɗe fayil, ta tambayi Datti yadda ya yi.

Nan fuskar tsohon ta sauya.

Ya ce kwana tara ya yi, bai karɓi aikin kowa ba. Dalmar tukunya ta miya ce, ba ta ɗaukar wahala, don haka fistin ɗin manyan motoci ya bi ya tattara, guda arba'in da ɗaya, ya narke. Zubi na farko ya yi iska a ciki, ya ji da ya ƙwanƙwasa, ya fasa ya sake. Na biyu ya fito. Amma fitowa ba ita ce aiki ba. Ya ce duk abin da zai juya, in nauyinsa bai zauna inda na asali ya zauna ba, zai ci gaɓarsa. Farfelar fanka ta koya masa haka tun yana saurayi a kasuwar 'yan ƙarfe ta Panteka.

Ya ɗaure tsohon ƙashin da waya ya koma guda, ya naɗa wa sabon waya daidai wannan tsawon don kada ɗaya ya cuci ɗaya. Har ɓurɓushin da ya zube a cikin akwati sai da ya sa Malam Sanda ya sharo masa a takarda. Ya ɗora su a sikeli. Sannan ya gindaya bakin ƙarfe, ya ɗora tsohon a kai, yana matsawa har ya sami inda yake kwanciya ba ya rinjaya ko'ina, ya yi alama da alli. Ya juya shi ta gefe, ya sake. Ya yi wa sabon haka, yana ragewa da magagari ta ciki, inda ido ba ya kaiwa, har alamomin suka haɗu.

Rahmatu ta daina rubutu.

Ta tambaye shi ko a nan ya tsaya. Ya ce ina. Abu biyu suna iya zama nauyi ɗaya, su kwanta wuri ɗaya, amma in ka kaɗa su ɗaya ya riga ɗaya. Ya nuna mata ƙugiyoyi biyu a jikin azarar rumfar. A nan ya rataye su, kafaɗa da kafaɗa, ya ja su baya tare, ya saki. Da farko sabon yana yin gaba tun a lilo na goma. Ya sauke, ya goge ta tsakiya, ya ɗiga narkakken ƙarfe a baki, ya mayar. Kwana uku yana wannan.

"Sai da suka yi lilo sittin tare, kamar tagwaye a goye, sannan na kira shi muka kai sito."

Ta kalli ƙugiyoyin. Abin da ta yi shekara biyu a ƙasar waje tana koyon rubutawa da haruffa da alamomi, abin da ta sa kwamfuta ta yini tana nema, ga shi a jikin azara da igiyar rijiya. Nauyi, tsakiyar nauyi, gardamar juyi. Bai bar ko ɗaya ba. Bai san sunayensu ba, kuma bai buƙaci sani ba.

"Baba, wa ya koya maka ka kaɗa su?"

"Su suka koya mini. Ke wa ya koya miki ki auna abu ba ki sauke shi ba?"

Ta yi masa bayani a taƙaice: injin da ya ɗauki kaya mai nauyi yana jan wuta fiye da wanda ya ɗauki mara nauyi, kuma in ka sa shi motsi iri-iri ka rubuta abin da ya ja, ƙarshe ba shi da inda zai ɓoye maka. Datti ya saurara da kai a karkace. Ya ce ashe irin na 'yan dakon tasha ne, buhu na taɓa kafaɗarsu sun san ko an cika shi. Ya ce wa Malam Sanda, wannan yarinya ba jinin Zazzau ba ce, a bincika.

Malam Sanda bai yi dariya ba. Shi lissafinsa daban. Ya ce duk wannan ya ji, amma Datti ya faɗa wa Injiniya gaskiya: a ina ya ƙara kilo biyu da ɗoriya?

Datti ya ce bai ƙara komai ba.

Malam Sanda ya ce ba laifi ba ne, aiki ne na gaggawa, kowa yana kuskure. Abin da ake so kawai ya amsa, don a rubuta a takarda cewa ƙarin daga zubi ya fito, lambar Rahmatu ta tsaya da ƙafarta.

Datti ya ce a rubuta abin da aka ga dama, ban da wannan.

Muryoyinsu ba su tashi ba, amma wasan ya fita daga cikinsu. Malam Sanda ya ce Bakano bai taɓa auna abu bai cika hannu ba. Datti ya ce shi ya rufa wa mutum asiri wata goma sha ɗaya, ko matarsa bai gaya wa ba, ba zai karɓi ƙazafi a matsayin tukuici ba. Malam Sanda ya ce na'ura ta auna, na'ura ba ta san Kano ba, ba ta san Zariya ba. Datti ya miƙe tsaye.

"To ni ma sikelina bai san su ba. Kilo sha takwas da giram ɗari shida na karɓa, kilo sha takwas da giram ɗari shida na mayar. In an samu ƙarin da ya kai nauyin goro biyu, a zo a rufe maƙerar nan."

Rahmatu ta ɗago.

"Nawa ka ce, Baba?"

Ya maimaita.

Ba sai ta duba fayil ba. Lambobin Zalɓe sun zauna mata a ka kamar lambar gidansu. Duk da haka ta duba, domin ba ta son abin da ta sani. Sannan ta tambaya ko tsohon ƙashin yana nan.

Yana nan. Datti ya ce ba ya narka shaida. Ya janye wasu buhunan gawayi, ya jawo wani abu a naɗe, ya kwance a gabansu. Fentin ruwan lemo, tsaga a tsakiya, wayar ɗaurin ta yi tsatsa. Dogo ne, mai kauri, da kunnuwa biyu a kai inda gwiwar hannu ke zama.

Rahmatu ta taɓa kunnuwan biyu, ta ɗago.

"Kawu, ƙirga mini ƙasusuwan Zalɓe."

Ya dube ta kamar ta tambaye shi sunansa. Ya miƙa yatsa, ya zana a ƙasa. Gindin da aka ɗaure da siminti, ɗaya. Ƙugun da ke juyawa a kansa, biyu. Damtse, uku. Ya ɗora yatsan a kan ƙarfen da ke gabansu.

"Ga shi. Na uku."

"Gindin ba ya motsi, Kawu. A littafi, da lissafina, sifili ne. Daga ƙugu ake fara ɗaya."

"Sifili."

"Wannan na biyu ne. Wanda nake magana a kai shi ne na gabansa, daga gwiwa zuwa wuyan hannu."

Malam Sanda ya kalli zanen da ya yi a ƙasa. Ya sake bin sa da yatsa, a hankali, leɓensa na motsi. Shekara talatin da biyu yana ƙirga kayan gwamnati, daga allurar maƙala takarda har janareta, kuma bai taɓa ɗora hannu a kan abu yana gani ya ce masa babu ba.

"Wa ke fara ƙirga daga babu?"

Datti ya buɗe baki, da alama wata maganar Zagezagi ce ta zo masa, ya mayar da ita.

Rahmatu ta juya fayil ɗin ta nuna wa maƙerin layi na biyu, ko da yake ta san boko ba karatunsa ba ne. Ta karanta masa. Littafi: kilo sha takwas da giram ɗari shida. Lissafinta: kilo sha takwas da giram ɗari shida da ashirin. Tsakiyar nauyi: bambancin bai kai milimita ɗaya ba. Gardamar juyi: sai a lamba ta uku bayan ɗigo suka rabu. Ta ce a cikin ƙasusuwa shida wannan ne ya fi kowanne dacewa da littafi. Da shi ta kafa hujja a taron Litinin cewa hanyarta tana aiki. Ta ɗaga wannan takardar a gaban Darakta ta ce ga aikin masana'antar da ta san abin da take yi.

"Ashe a Rafin Guza masana'antar take," in ji ta.

Datti ya karɓi takardar da hannu biyu. Ya dube ta a juye, ya gyara, ya sa babban yatsa a kan layin da ta nuna. Ya tambaya nawa ne giram ashirin ɗin. Ta ce kamar goro ɗaya babba.

"Fenti ne," in ji shi. "Sau biyu na shafa."

Ya mayar mata da takardar, ya koma kan kujerarsa, ya ɗauki magagari, ya rasa abin da zai goga.

Rahmatu ta rufe fayil. Ta tsara maganarta kafin ta yi, kamar yadda take tsara awo. Ta ce zubin zai buƙaci a gwada ƙarfinsa, wannan ba za ta ɗaga ƙafa a kai ba, kuma ta san yadda za ta yi ba tare da an kwance shi ba. Amma ba shi ne ke sa Zalɓe karkarwa ba. Abin da aka faɗa a rumfar nan ba shi da alaƙa da rahoton gobe, ba kuma zai ƙara wa lambarta komai ba. Saboda haka babu dalilin da zai sa ya fita yau, ko gobe. In an gama da ƙashi na uku, su zauna su ga yadda za a faɗe shi da mutunci.

Malam Sanda ya mayar da hularsa.

"Na riga na rubuta."

"Ka rubuta me, Kawu?"

Ya ce shafi biyu, da hannunsa, da kwanan wata da lambar akwati. Bai sa sunan Datti ba. Ya rubuta cewa ƙashi na uku ya karye a hannunsa, ya sa an zuba wani a ɓoye, kuma ƙarin nauyin da Injiniya ta gano gaskiya ne, daga nan ya fito. Ƙarfe sha ɗaya na safe ya miƙa wa sakataren Darakta a cikin ambulan, ya tsaya har ya ga an ɗora a kan tebur. Darakta yana Zariya wurin taro, sai gobe ƙarfe takwas. Ya ce da gangan ya fara kai takardar kafin ya zo wurinta, don ya san in ta ji za ta hana.

Rahmatu ta duba agogo. Uku da minti arba'in. Ofisoshi sun tashi minti goma da suka wuce.

Ta ga gobe a fili. Dakta Labaran zai karanta. Zai sa a duba. Za a kankare fenti a ƙashi na uku na littafi, a tarar da ƙarfen masana'anta lafiya lau, a ce mai sito ya yi ƙarya don ya rufa wa 'yarsa asiri. Ko a kankare na biyu, a tarar da zubi, a ce ga injiniyar da ta yaba wa jabu a gaban taro. Ta kowace hanya sunan Kawu ya tafi, lambarta kuma ba ta tsira ba.

Daga yadda kawunta ya zauna ta san shi ma ya gani.

Datti ya matso. Ya tambaya, wanda take nufi, shi ne siririn nan mai murfi a gefe, wanda shi da Bazazzagi za su kira na huɗu?

Ta ce shi ne.

Ya ce ya taɓa ɗaga shi. Ranar da ya kai sabon ƙashin sito, sai da ya gwada bakinsa da na maƙwabtansa, na sama da na ƙasa, don ya tabbata za su shiga. Da ya ɗaga siririn ta baki ɗaya, ya ji abu. Ba ƙara ba. A hannu ya ji, kamar yadda ake jin ruwa a cikin kwakwa. Wani abu ya taso daga can ƙarshe, ya gangaro a hankali, ya tsaya. Da ya juya shi, ya koma. Ya ɗauka haka Turawa suka yi shi, tunda ba aikinsa ba ne bai tambaya ba.

Rahmatu ta buɗe fayil ɗin a karo na uku. Shafi na tara. In hannun ya kalli sama, tsakiyar nauyi ta ja baya. In ya sunkuya, ta gangaro gaba. Mako uku tana neman kuskurenta a wannan shafi. Ta sake lissafin sau huɗu, ta canza waya, ta zargi zafin rana, ta zargi kanta.

"Ba rawar kai ba ce," ta ce, ba da kowa take ba. "Yawo yake yi."

Datti ya ƙara da cewa notocin murfin sun ba shi mamaki. Kai biyar gare su, ba shida ba, sifanar kasuwa ba ta kama su. Kuma fentin da ke kansu a fashe yake, sabuwar fashewa, ƙarfen yana ƙyalli. Wanda ya buɗe bai daɗe da rufewa ba.

Ta juya ga kawunta. Ta ce an gaya mata tun farko cewa injin bai zo da sifanar murfin ba, shi ya sa ko ta so buɗewa ba hali.

Malam Sanda ya ce ya zo da ita. Guda ɗaya, a cikin akwati na tara, a jakar fata. Shi ya shigar da ita littafin sito da hannunsa ranar da kaya suka iso. Washegari da safe aka zo aka karɓa, aka ce za a duba wani abu a mayar. An nemi makullin ɗakin da akwatunan suke, ya bayar, aka dawo masa da shi bayan awa ɗaya. Sifanar ce ba a dawo da ita ba. Sau biyu ya yi niyyar tuni, sai ya ga mai laifin akwati na bakwai ba shi da bakin tambayar kowa.

"Wa ya karɓa, Kawu?"

Ya dubi karyayyen ƙashin da ke ƙasa.

"Wanda takardata ke kan teburinsa."

Ladanin masallacin lungun ya kira la'asar. A bayan tashar Kawo an kulle ofishin Darakta tun ƙarfe uku da rabi, ambulan ɗin yana ciki. Kilo biyu da giram ɗari uku suna nan a cikin ƙashi na uku, a bayan noti huɗu masu kai biyar, kuma a cikin mutum ukun da ke rumfar babu wanda ya san ko mene ne.